Sanyin Da Na Sha Wa Maƙwabci

Jama'a, na karanta duk abin da kuka rubuta mini a ƙasan labarin makon jiya. Wata ta ce girman kai ke ɗawainiya da ni. Wata ta ce in auri Wilmar ɗin da Mama ke nema mini in huta, tunda yana da gida mai murhun itace. Na gode ƙwarai, ashe Mama tana da 'yan kamfe har a nan.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Eloísa, shekarata talatin da biyu, ina sayar da tabarau a wani shago a tsakiyar Montevideo. A watan Maris na tattara komatsaina daga gidan mahaifiyata, na kama hayar ɗaki da falo a hawa na uku a unguwar Cordón, ƙofa mai lamba bakwai, don in nuna wa duniya zan iya riƙe kaina. Duniya ba ta ma ɗago kai ba. Kamfanin wuta ne kaɗai ya lura da ni.

Ranar da na je buɗe asusun wuta aka ba ni zaɓi biyu. Akwai farashin kowa da kowa, kuɗi ɗaya safe da yamma. Akwai kuma na masu wayo, mai hawa uku: kafin gari ya waye wuta arha kamar sadaka, da rana tsaka-tsaki, daga yamma zuwa bayan cin abincin dare kuwa tsada kamar da zinariya ake dama ta. Kun san wanda na ɗauka. Har murmushi na yi wa matar da ke bayan tebur, irin na wadda ta gano abin da ya shige wa kowa duhu. Abin da bai faɗo mini a rai ba shi ne, lokacin tsadar nan daidai yake da lokacin da nake dawowa daga aiki.

Da sanyi ya kankama a watan Yuni, don mu nan lokacin ne hunturunmu, sai na zama baiwar agogo. Hitar falo na saita ta tana kunna kanta da asuba, ta ɗumama gidan tsaf, ni kuma in ɗauki jaka in fice. Kujerata da labulena su ke morewa. Kafin in dawo ɗumin ya gama zirarewa ta ƙasan taga, iskar kogi ta shigo ta miƙe ƙafa kamar ita ke biyan haya. Wanki da asuba, guga da asuba, wanka da asuba ido rabi a rufe, har na taɓa matsa man gashi a burushin haƙori.

Kayan zaman gidana kuwa, ku rufa mini asiri. Wando biyu, ɗaya kan ɗaya. Rigar ulu ta marigayi Babana mai huji a gwiwar hannu. Safar ƙwallo ta ƙanena har gwiwa. Hular da kakata ta saƙa mini tun ina firamare, mai tuntu a ka. Sai bargo a kafaɗa. In rungume fulas, in riƙe ƙwaryar mate, shayin ganyen nan namu, da hannu biyu, ba don ina marmarin ɗacinsa ba, don dai yatsuna su tuna suna da rai. In na gifta ta gaban madubi sai in gaishe da tsohuwar da ke ciki.

Duk na jure da alfahari, domin na san takardar kuɗin wuta za ta zo ta share mini hawaye. Ta Yuni ta zo da nauyi, na ce ai shigowar sanyi ce, na ƙara tamke ɗamara. Ta Yuli ta iso makon da ya wuce: peso dubu tara da 'yan kai, kusan kwatan albashina. Na cire tabarau na goge na mayar, ni da nake sayar da tabarau. Lambar ba ta gusa ba.

Na kira kamfanin. Wata mai sanyin murya ta ce in sauka in ɗauko mata hoton mitata. Na sauka da hulata mai tuntu, na buɗe akwatin da ke ƙarƙashin matakala, inda mitocin benen suke jere, na ɗauki hoton wadda aka rubuta wa bakwai da baƙin fenti.

"Na gani," in ji ta. "Abin da ke jikin mitarki shi ne abin da ke takardarki. Babu kuskure."

"Akwai kuskure! Ni fa ko ruwan shayi a kan gas nake dafawa."

"Wataƙila akwai abin da kika manta a kunne."

"Baiwar Allah, abin da ke kunne a gidana zuciyata ce kawai, ita ma da haushi take aiki."

Ta yi 'yar dariyar ladabi, ta ce za ta iya raba mini kuɗin in riƙa biya kaɗan-kaɗan. Na ce ba zan biya wutar da ban sha ba. Ta ce ranar biya na nan tafe. Muka rabu a mutunce, ita a ofis mai ɗumi.

Daga nan na tafka wautar da ta fi kowace girma: na tura wa Mama hoton takardar. Tausayi nake nema, na rantse muku. Ko fulas ban gama cikawa ba saƙon muryarta ya shigo.

"Eloísa, ban faɗa miki ba? Mace ita kaɗai a saman bene, ko ƙwan fitila ya mutu sai ta zauna a duhu. Ɗakinki na nan yadda kika bar shi. In kuma ba kya son ɗakinki, Wilmar ya sake wa gidansa fenti, shuɗi mai haske, kalar da kike so. Ranar Lahadi zan yi taliya da miyar nama, zai zo. Ki sako koriyar rigar nan, ba wancan buhun na babanki ba."

Ban taɓa son shuɗi mai haske ba. Mama ce ke so.

Wilmar ɗan ƙawar Mama ne, ya ba arba'in baya da kaɗan, yana da shagon kayan gini da murhu a unguwar La Teja, layi biyu daga gidan Mama. Ba mugu ba ne, ku daina cewa na ce mugu ne. Matsalarsa guda: bai taɓa ganin abu a hannun mutum ba tare da ya ce "kawo in yi miki" ba. Ran da ya kai ni cin abinci shi ya zaɓa mini abin da zan ci, ya jawo farantina ya yanka mini naman. Na zauna ina jiran ya tauna mini.

Saƙonsa ya biyo bayan na Mama:

"Sarauniya, mamanki Doña Zulma ta turo mini takardar. Wannan ba kuskure ba ne, sata ce. Wani ɓarawo a benenku ya ja waya daga mitarki. Ki bar mini. In na kama shi sai ya yi bayani a gaban 'yan sanda."

Ya ɗora hoton zuciya biyu da na guduma. Don Allah wa ke saka guduma a saƙon soyayya?

Na rubuta: "Na gode, zan ji da shi."

Ya amsa: "Na sani, amma ki bar mini."

Ranar Lahadi da hantsi na shirya. Eh, koriyar rigar na saka, kar wanda ya yi mini magana. Na ɗora baƙar kwat, na sa dogon takalmi da 'yan kunnen azurfa, na shafa jan baki don ya rufe shuɗin da sanyi ya yi wa leɓena. Zan fita sai rowa ta motsa, na miƙa hannu bayan ƙofa na kashe babban makunnin gidan gaba ɗaya. Firjin ma ya huta, ai rabin lemon tsami ne kawai da ɓallin cuku a ciki.

Ina isa ƙasa na tarar da ƙofar akwatin mitoci a buɗe, dama ba ta rufuwa. Na tsaya in harari tawa kamar yadda na saba. Kowace mita tana da 'yar jar fitila da ke ƙiftawa in ana shan wuta. Ta lamba bakwai tana ta ƙifta mini ido babu kunya, ƙif-ƙif-ƙif, alhali gidana ko allura ba ta motsi. Ta kusa da ita, lamba takwas, shiru kamar ta mutu.

Ban san lokacin da na haye benen nan ba. A zuciyata ina cewa, ashe Wilmar ya yi gaskiya, kuma wannan ya fi kuɗin ƙona mini rai. Lamba takwas ita ce ƙofar da ke kallon tawa. Abin da na sani game da masu gidan bai wuce tarin da nake ji ta bango ba. Na buga ƙofar da tafin hannu kamar mai karɓar haraji.

Aka buɗe. Kafin in ga mutum, ɗumi ne ya fara marina a fuska, mai ƙamshin soyayyiyar fulawa. Tabarauna suka yi hazo nan take. Na cire su, sai ga namiji dogo a tsaye, gari a hannuwansa har gwiwar hannu, sanye da riga mai gajeren hannu. Gajeren hannu, jama'a, a tsakiyar sanyi!

"Maƙwabciya, lafiya?"

"Lafiyar ke nan. Dubi yadda kake walawa da wutata! Ka ji daɗinka, har da su soye-soye. Wata nawa ka yi kana zuƙe ni?"

"Zuƙe ki?"

"Na kashe komai na gidana, mitata na gudu. Taka kuma na barci, alhali gidanka kamar gidan burodi. Ka ja waya, ko ba ka ja ba?"

Na jira ya yi ihu in ƙara nawa. Bai yi ba. Ya goge hannu a tsumma a hankali, ya ce, "Ni direban bas ne, maƙwabciya. Ƙwan fitila ma sai na yi addu'a nake canzawa. Amma zo mu gani. Ki koma ki kunna naki, ki kunna hita, ni zan sauka in tsaya gaban mitocin."

Ya sauka da silifas. Na buɗe gidana, na ɗaga makunni, na kunna hita da tsakar rana, abin da ban taɓa yi ba. Sai na ji muryarsa ta taso ta ramin matakala:

"Takwas ta farka!"

Na kashe.

"Ta koma barci!"

Na sake kunnawa, don kunnena ya ƙi yarda.

"Ta farka! Maƙwabciya, takwas ce taki!"

Babu wanda ya ja waya. Lokacin da maigidan ya gyara benen kafin in shigo, duk wanda ya ɗauko ya haɗa wutar ya juya layukan biyu. Tun watan Maris ni nake biyan wutarsu, su suke biyan tawa.

Ya hawo a hankali, ba kamar yadda ya sauka ba. Fuskarsa ta sauya. Ya jingina da bango ya ce, "Sunana Yamandú. Gara ki san sunan wanda za ki zaga." Ya nuna ƙofarsu da kai. "Babana ba shi da lafiyar huhu. Yana kan injin numfashi dare da rana, likita kuma ya ce kar sanyi ya taɓa shi. Na nemi rangwamen da ake yi wa marasa lafiya tun bazara. Da na ga kuɗinmu ya faɗi ƙasa sai na ɗauka an amince. Har yabon kamfanin na riƙa yi a tashar bas." Ya dube ni. "Ashe ke ce rangwamen."

Ban san me ya sa ba, dariya ta ƙwace mini. Daga ciki wata murya mai kaushi ta ce, "Yamandú! Ko ka shigo da ita ko ka fita da ita, ƙofa a buɗe tana shigo mini da iska!"

Haka na tsinci kaina a falon mutanen da na zo kamawa da sata. Girmansa ɗaya da nawa, amma kamar wata ƙasa. Hita biyu, injin na gurnani a gefen kujera, siririn bututu ya taso daga jikinsa zuwa hancin wani tsoho mai farin gashin baki, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo mai ratsi. Don Aparicio ke nan, baban Yamandú. Ya ƙare mini kallo daga 'yan kunne har takalmi.

"Ke ce mai wanki da asuba?"

"Ni ce, Don Aparicio."

"Na ce wa yaron nan fatalwa ce ta kama haya. Mutum mai rai ba ya guga kafin zakara. Kuma ke ce mai atishawa bakwai a jere?"

"Baba."

"Ƙyale ni, ai ina amsa mata ta bango, ba ta ji ne. Zauna, 'yar nan. Cire kwat ɗin, ai ke kika biya ɗumin."

Na zauna. Na cire kwat a cikin gida, karo na farko tun shigowar sanyi, har kafaɗuna suka rasa yadda za su yi. Yamandú ya kawo farantin soyayyiyar fulawa mai zafi da sukari a kai, tsohon ya cika ƙwaryar mate ya miƙo mini kafin ɗansa. Kafin in kurɓa na tura wa Mama saƙo: "Mura ta kama ni, ba zan iya zuwa ba." Na kife wayar a cinya, ina ji da wayona. Har yau ban koyi darasi a kan wayona ba.

Yamandú ya ɗauko takardarsu ya ajiye kusa da tawa. Tasu, wato tawa ta gaskiya, ko dubu ɗaya da rabi ba ta kai ba. Na duba saman takardar, sai na ji kamar in nutse a kujerar.

"Wane farashi kuke kai?"

"Na kowa da kowa. Kuɗi ɗaya safe da yamma."

Ku tsaya ku fahimta, jama'a. Wutar gidana a asusunsu take shiga, inda asuba da yamma duk ɗaya ne. Duk tashin asubar nan, duk gugar nan ido a rufe, duk zaman nan cikin hular tuntu, ko sisi bai rage wa kowa ba. Da na kunna hitata da yamma kamar 'yar mutane, da kuɗin ɗaya ne. Su kuma da injinsu ba ya hutawa, farashin masu wayon da na zaɓa shi ya riƙa yanka su kowace yamma, a aljihuna.

Don Aparicio ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Yamandú ya tashi da sauri, ya gyara masa bututun, ya dafa bayansa har numfashin ya daidaita, da gani ya saba. Ni kuma na kama kaina ina kallon hannun nan mai sauran gari a jiki. Na mayar da idona kan faranti.

Da ya dawo ya zauna sai ya daina wasa.

"Haƙƙinki ne, maƙwabciya. Gobe in kin shirya mu je kamfanin tare, su gyara, su mayar miki da kuɗinki."

"Kai kuma fa?"

"Za su lissafa abin da muka sha tun Maris su ɗora mini." Ya murza goshi. "Zan san yadda zan yi. In kashe hita ɗaya, in ƙara aikin Asabar."

"Ka kashe ta uwarka," in ji tsohon. "Ni zan koma asibiti, can wuta kyauta ce."

"Ba inda za ka, Baba."

Yadda ya faɗe ta a hankali, ba tare da ya dubi kowa ba, ita ta gama da ni. Ni da na hawo bene da niyyar kiran 'yan sanda, sai na ji bakina yana cewa, "A bari sanyi ya wuce. Ka bi takardar rangwamenku ta fito tukuna. Kafin nan mu yi musaya, ka riƙa biyan takardar da ke zuwa da sunana, in riƙa biyan mai sunanka. Na baya kuma ka ba ni yadda ka samu."

"Ba ki san ni ba fa."

"Na san inda kake kwana."

Ya yi murmushi, gefe ɗaya na bakinsa ya fi ɗaya ɗagawa. Kar ku tambaye ni ko tausayin tsoho ne ko ɗumin ɗaki ne ya narkar mini da ƙwaƙwalwa. Ni ma na tambayi kaina, amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba.

"Sharaɗi ɗaya," na ce. "Kar kowa ya ji. In maganar ta fita, akwai wanda zai mayar da ita sata."

"Wa?"

Ban kai ga amsawa ba wayata ta yi zillo a cinyata. Na juya ta. Saƙon Mama ne, tun ɗazu ya shigo ban ji ba: "Mura a wannan firjin da kike kira gida? Ga mu nan." A ƙasansa na Wilmar, yanzu-yanzu:

"Sarauniya, muna ƙasa. Na taho da yaron shagona mai aikin wuta. Mun ga mitarki na gudu kamar mota. Yau ɓarawon nan zai san da wa yake yi."

Na miƙe tsaye da ƙwarya a hannu. Tuni na fara jin takun takalman Mama a matakala, da hakinta, da muryar Wilmar yana ce mata ta kawo tukunyar ya riƙe mata. Suka iso. Aka buga ƙofata, can tsallaken baranda.

"Eloísa! Buɗe, na kawo miki romo!"

Ga ni a bayan ƙofar da ba tawa ba, cikin koriyar rigar da aka ce in saka wa Wilmar, kumatuna jajir da ɗumi, sukari a leɓena, babu alamar mura ko ta magani.

"Shiru," in ji Wilmar. "Ko ta suma? Bari in tambayi na nan gidan. Dama ina son ganin fuskarsa."

Don Aparicio ya gyara zama, idanunsa na ƙyalli kamar an kunna masa wasan ƙwallo. Aka ƙwanƙwasa, da ƙarfi. Yamandú ya je ya ɗora hannu a kan mariƙin ƙofar, bai murɗa ba. Ya waiwayo ya dube ni, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Maƙwabciya, kina nan, ko ba kya nan?"